Tulun 'Yan Aji Shida da Digar Kumagai

Ranar Talata, tara ga watan Yuli na shekarar 2024, ƙarfe takwas da minti goma na safe aka fara cin mutuncina, kuma a rubuce. Maƙwabciyata ce ta miƙo mini allon sanarwar unguwa, wannan da ke zagayawa gida-gida, kowa ya karanta ya buga hatiminsa. Gidana ne na talatin da ɗaya cikin gida arba'in da uku. Ke nan kafin allon ya iso hannuna, gida talatin sun riga sun karanta abin da shugaban ƙungiyar unguwarmu, Kumagai Genzo, ya rubuta:

"Albishir ga jama'ar Minamisawa! Akwatin da 'yan aji shida suka binne shekara talatin da suka wuce, ni zan tono shi. Na sayo na'urar gano ƙarfe daga ƙasar waje, wadda ko allura ce a ƙarƙashin dutse sai ta tona mata asiri. Minti goma sun ishe ni. Malama Shirakawa ta manyanta, kada mu wahalar da ƙwaƙwalwarta."

Ƙwaƙwalwata! Ni Shirakawa Fumie, shekara talatin da takwas ina riƙe da alli. Yanzu haka in ka tashe ni daga barci zan jero maka sunayen yaran ajin nan ashirin da takwas, bisa tsarin kujerunsu, in gaya maka wanda ke cin farcensa da wadda ke ɓoye karas ɗin abincin rana a aljihu.

Bari in ba ka tushen maganar, mai karatu, don ka yi mini adalci. Ranar Juma'a, sha takwas ga Maris na 1994, 'yan ajina da ke shirin barin firamare kowa ya rubuta wa kansa wasiƙa, muka binne a filin makaranta, da alkawarin za mu taru mu buɗe bayan shekara talatin. Daga baya yara suka ƙare a unguwar, aka rufe makarantar, aka rushe, aka mayar da wurin filin shaƙatawa. Abu biyu kaɗai suka rage na da: tsohuwar bishiyar ginko, da dutsen tunawa na bakin ƙofa. Ofishin kula da filaye ya ba mu izinin tono na yini ɗaya tak, Laraba sha huɗu ga Agusta, cikin hutun Obon, lokacin da kowa ke dawowa gida ziyarar kabarin iyaye. Daga tara na safe zuwa biyar na yamma, ba ƙari, ba wata rana, domin sabuwar ciyawa suka shimfiɗa. Ɗalibaina ashirin da uku suka nemi hutu don wannan rana. Akwai mai zuwa daga Sapporo, akwai mai tsallako teku. In aka rasa ranar, an rasa wasiƙun.

Kuma ka riƙe wannan da kyau: ba akwati muka binne ba. Tulun ƙasa ne, irin wanda mahaifiyata ke jiƙa tsami a ciki, da murfin katako da aka liƙe da kakin zuma. Ni na zaɓe shi, don na san ƙarfe yana tsatsa. Ko maƙalin takarda na ƙarfe ban yarda yaro ya saka ba. Wannan shi ne abin da Sarkin Tono ya sayi na'urar gano ƙarfe zai nemo.

Ranar da yamma na je gidansa don in gaya masa. Na same shi a rumfar mota ya jera kayan aiki a kan tabarma kamar mai baje koli.

"Malama! Shigo ki sha kallo. Kin ga wannan shebur? Duba haƙoransa. Saiwar itace yake yanka kamar awara."

"Kumagai-san, abin da muka binne..."

"Wannan kuwa diga ce, kilo uku da rabi. In ƙasa ta yi mini taurin kai, ita ce alƙali. Ga takalma kuma, irin na ma'aikatan gini, ƙarfe ne a bakinsu. Ko giwa ta taka ni ba zan ji ba."

"Babu giwa a Minamisawa. Ka karanta takardar izinin?"

"Takarda ai ta masu ofis ce."

Na karanta masa, tunda aikina ne karanta wa waɗanda suka ƙi karatu. Kayan hannu kaɗai aka yarda da shi, wanda tsawon bakinsa bai wuce santimita ashirin ba. A yanka ciyawa gefe uku, a ɗaga ta kamar ƙyaure, a zuba ƙasar a kan ƙyalle, in an gama a mayar a rufe yadda ba wanda zai gane an taɓa. Sannan na fito da wuƙar tonon lambuna daga jaka, mai ƙotar itace, wadda na yi shekara ashirin ina dasa albasa da ita.

Ya kalle ta, ya kama ciki don dariya. "Da wannan cokalin? Malama, shinkafa za mu ci ko tono za mu yi?"

"Tulun ba na ƙarfe..."

"Ki huta, Malama, ki huta. Kin yi wa al'umma aiki. Yanzu zamanin na'ura ne."

Sau biyu na ɗauko maganar, sau biyu ya datse ta. Na rubuta a littafina da lokacin kowanne.

Ranar ta zo da zafin Agusta mai dafa mutum cikin rigarsa. Ɗalibaina suka hallara, wasu da furfura, wasu da tumbi, duk suna rusunawa suna "Malama, ba ki canza ba," ƙaryar da na yafe musu. Cikinsu har da Natsumi, 'yar Kumagai ta cikinsa, wadda yanzu likitar haƙori ce a Sendai. Tun tana yarinya ba ta da hayaniya. Da ta hango ubanta yana turo baro cike da ƙarafa, lasifikar hannu rataye a wuya, sai ta runtse ido kamar wadda ciwon kai ya sara.

Janar na Shebur ya duba filin, ya zaɓi inuwar ginko, ya kafa tebur da kujerarsa, ya jibge kayansa a gefe. Na ciro igiyar awo. Mita shida daga gindin bishiyar, a kan layin dutsen ƙofa. Igiyar ta ƙare daidai tsakanin ƙafafun kujerar.

"Kumagai-san, ka matsar da kujerar nan. A ƙarƙashinta yake."

Ya ɗora na'urar a wurin, ya shafa hagu, ya shafa dama. Shiru. Ya ɗaga lasifika, alhali taku biyu ne tsakaninmu.

"Jama'a kun gani! Na'ura ta ce babu! Malama, zauna ki sha shayin sha'ir, rana ba ta da kyau ga manya."

Takardar izinin da sunan ƙungiyar unguwa aka ba da ita, tana aljihunsa. Ni kuma ban saba da ja-in-ja a gaban ɗalibai ba. Na zauna a benci, na buɗe littafina, na rubuta: tara da minti goma sha biyu.

Ya saƙala abin ji a kunne ya fara tafiya yana lilo da na'urar a gaban ƙafafunsa. Taku uku, ta yi ƙara.

"Ga shi! Ban ce minti goma ba? Ko biyu ba a yi ba!"

Ya danna shebur mai haƙora, ya tumɓuke ciyawa faɗin tire, ya wurgar. Ya tona, ya tona. Ƙasa ce kawai da tsutsa ɗaya da ta fito tana mamaki. Ya miƙe, ya ja da baya, ya sake shafawa. Ƙara kuma, yanzu a inda yake tsaye.

"Ya gusa! Ƙasa tana motsi a shekara talatin, ku da ba ku san kimiyya ba."

Rami na biyu. Rami na uku. Duk inda ya sa ƙafa, na'ura ta yi kuka. Kafin sha ɗaya, rami tara ne a jere, sun yi layi kamar sawun katuwar gafiya.

A gefen filin akwai dandalin ƙwallon sanda na tsofaffi, inda Iya Okabe, mai shekara tamanin da shida, ke shugabantar tawagarta kowace safiya. Ta dogara sandarta ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗaga murya.

"Gen-chan! Wai akwatin nan ƙaunarka yake yi ne? Duk inda ka je yana binka."

Ita kaɗai ce a unguwar ke kiransa da sunan yarinta, domin ta goya shi.

"Iya, wannan ba wasan ƙwallo ba ne."

Natsumi ta matso a hankali. "Baba, takalmanka."

"Me suka yi? Sababbi ne."

"Ƙarfe ne a bakinsu, Baba. Kai ka gaya mana jiya a wurin cin abinci. Sau biyu."

Mutum ya shafe awa biyu yana farautar yatsun ƙafarsa. Amma kana tsammani ya ji kunya? Ya gyara murya ya ɗaga lasifika.

"Wannan gwaji ne! Yanzu na tabbatar na'urar tana aiki."

Ya tuɓe takalman, ya ci gaba da safa. Shugaban unguwa guda, da safa mai hoton kifi, a tsakiyar fili.

Daga nan fa na'urar ta fara samun abin duniya. Murfin kwalba shida. Marfin gwangwani goma sha ɗaya. Cokali ɗaya, wanda na gane na ɗakin cin abincin makarantarmu ne. Makullin keke, wanda Iya Okabe ta tuna masa cewa tsintuwa ce, dole ya kai ofishin 'yan sanda ya cike takarda. Kowane ɗaya sai da aka yi masa rami mai ɗaukar kankana.

Da azahar muka ci dunƙulen shinkafa a inuwa. Na sake zuwa wurinsa.

"Kumagai-san, saura awa huɗu. Ka ba ni minti ashirin da kujerar nan."

"Malama, matsalar ba ta wuri ba ce, ta kayan aiki ce. Shebur ya yi kaɗan. Abin yana da zurfi."

"Santimita arba'in ne. Ni na auna."

"Shekara talatin da suka wuce," ya faɗa yana kashe wa ɗalibaina ido.

Ya ɗauki diga. Na'ura ta kai shi gefen dandalin tsofaffi ta yi ƙara mai ƙarfi. Ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga kilo uku da rabi sama, ya sauke. Abin da ya fito doguwar ƙusa ce, tana jan farin zare. Ya ja, zaren ya biyo. Ya ƙara ja, wata ƙusa ta yi tsalle daga can nesa. Layin iyakar dandalin ne gaba ɗaya, wanda tsofaffi suka yi kwana biyu suna aunawa.

Iya Okabe ta taho da sandarta a sama, tawagarta biyar na biye, wanda ya fi ƙuruciya a cikinsu shekararsa saba'in da tara.

"Kai, ɗan banzan yaro! Gasa gare mu ranar Asabar! Tun kana tsumma haka kake, duk abin da ka taɓa sai ya lalace!"

"Iya, a gaban mutane..."

"A gaban mutane ka tuɓe takalmi, sai ni ce zan ji nauyinsu?"

Wani mai hankali da nan ya tsaya. Gafiyar Minamisawa kuwa sai ya koma motarsa ya dawo da abin da ya ɓoye don ranar wuya: injin huda ƙasa mai aiki da fetur, wanda ya aro daga mai kafa shingen gona. Tsawon bakinsa ya kai ƙugun mutum. Na tashi tsaye.

"Santimita ashirin takarda ta ce!"

"Minti ɗaya, Malama! Na samu wani sauti kusa da famfon shan ruwa, dogo, miƙaƙƙe. Wannan akwati ne babu tantama!"

"Baba," in ji Natsumi, "abu dogo, miƙaƙƙe, kusa da famfo..."

Ƙarar injin ta haɗiye sauran maganarta. Ƙarfe uku da minti talatin da takwas, bisa agogona, injin ya yi wata irin gurnani, ya juya mai shi rabin zagaye, sannan ruwa ya yi tsiri sama har ya wuce rassan ginko na ƙasa. Hular Kumagai ta tafi tare da shi. Ramukan nan ashirin da tara suka cika ɗaya bayan ɗaya, dandalin tsofaffi ya zama gonar shinkafa, saura shuka kawai.

Minti ashirin bayan haka jami'in kula da filaye ya iso a keke, wani siririn mutum mai tabarau, Tsuboi. Ya kashe ruwan daga bakin titi, ya tsaya yana ƙirga ramuka da bakin alƙalaminsa. Fuskarsa ta yi fari.

"Wane ne mai takardar izini?"

Kumagai ya miƙa ta, jiƙe sharkaf. "Ka san ƙasar wurin nan tana da matsala, kuma bayanin da aka ba ni..."

"An soke. Kowa ya tattara kayansa."

Wanda ya tsallako teku ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ban taɓa roƙon ɗan ofis ba a rayuwata, amma na je gabansa na rusuna har ƙasa.

"Tsuboi-san, sunana Shirakawa, ni ce malamar ajin. Takardarka ta ce zuwa ƙarfe biyar, ta ce kayan hannu. Wannan mutumin ya karya sharaɗi, ni ban karya ba, ban ma fara ba. Ga abin tonona. Rami ɗaya nake roƙo."

Ya karɓi wuƙar, ya juya ta, ya ciro ƙaramar rula daga aljihun gaba ya auna bakin. Nan take na ji yaron ya kwanta mini a rai.

"Sha takwas," ya ce. Ya duba agogo. "Rami ɗaya, Malama."

Maza biyu suka ɗauke kujerar shugaba. Wurin ne kaɗai a filin da bai taɓa ba, ciyawarsa lafiya lau. Na durƙusa, na yanka gefe uku, na ɗaga, na shimfiɗa ƙyalle. Natsumi ta karɓe ni da gwiwata ta gaji, hannunta na likita bai zubar da ƙasa ko cokali ɗaya a kan ciyawa ba. Minti goma sha bakwai, bakin wuƙa ya taɓa katako. Kakin zuman yana nan yadda na liƙa shi. Wasiƙa ashirin da takwas, a bushe, ko ɗigo bai shiga ba. Manya masu 'ya'ya suka riƙe takardunsu suna kuka kamar ranar da suka bar makaranta. Ni ban yi kuka ba. Ƙura ce ta shiga mini ido.

Kana ganin Kumagai zai sulale ya tafi gida? Ina! Ya taho da safa cike da laka, digarsa a kafaɗa, lasifika a hannu.

"Kun gani? Daidai inda na kafa kujerata! Tun safe jikina ya ba ni. Natsumi, kawo taki, in karanta wa jama'a su ji irin tarbiyyar gidan Kumagai."

"Baba, da ka bari."

Ya fizge, ya kara lasifika a baki, murya har bakin titi.

"Zuwa ga Natsumi mai shekara arba'in da biyu. Babana ya san komai." Ya dakata, ya kalli jama'a, ya gyaɗa kai. "Kun ji ko? Yarinya tun tana ƙarama!" Ya koma kan takarda. "Haka yake cewa kullum. Jiya ya sayo sabuwar diga don ya dasa wa Mama fure ɗaya. Mama ta ce ya yi amfani da cokalin lambu, ya ce zamanin cokali ya wuce. Ya fasa bututun ruwan gidanmu. Yau kwana uku muna wanka a gidan Iya Okabe. Natsumi, in kina karanta wannan, waiga ki duba Baba. In yana riƙe da diga, ki ƙwace."

Bakinsa ya riga hankalinsa, sai da ya kai aya sannan ya gane abin da ya karanta. Natsumi ta waiga, ta dube shi, ta sa hannu biyu ta sauke digar daga kafaɗarsa. Iya Okabe ta yi dariya har sai da aka zaunar da ita. Tsuboi ma ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Da a nan maganar ta tsaya, da na yafe. Amma ranar uku ga Satumba allon sanarwa ya sake zagayowa, ga abin da ke ciki: "An yi nasarar tono akwatin ƙarƙashin jagorancin shugaba. 'Yar matsalar ruwa da aka samu ta faru ne saboda Malama Shirakawa ba ta iya tuna wurin da wuri ba." Gida talatin sun buga hatimi kafin ni. Ni ban buga ba. Allon yana kan teburina yau kwana tara, kuma ba zai wuce gida na talatin da biyu ba da wannan ƙaryar a jikinsa.

Don haka, Kumagai Genzo, ga abin da nake nema, kuma ba a kunne ba. Ka rubuta da hannunka cewa Malama Shirakawa ta nuna wurin tun ƙarfe tara da minti goma sha biyu, cewa ƙwaƙwalwarta lafiyarta ƙalau, cewa tulu ne ba akwati ba, kuma kana neman afuwarta, da ta Iya Okabe, da ta ciyawar gwamnati. A maƙala a allon nan, ya zagaya gida arba'in da uku, hatiminka ne na farko. Sannan ka maimaita shi da bakinka a taron unguwa na ƙarshen wata, da lasifikar nan taka, tunda ka iya amfani da ita.

In wata ya ƙare ban gani ba, ni ma ina da takardar da zan maƙala. Wasiƙar Natsumi shafi biyu ce, na farko kaɗai ka karanta. Ta ba ni na biyun da izininta, kuma labarin ranar da ka hau gyaran rufin ɗaki ne.